Irin Shuka a Rumbun Maƙwabta

Ku gyara zama. Wannan labarin babu aljani a cikinsa, babu dodo. Mutane ne kawai, su ma kuwa sun isa.

An yi wasu ƙauyuka biyu, Tudun Kaɗanya da Kwarin Gawo, rafi ne ya raba su. Ba wata ƙauna ce a tsakaninsu ba, amma sun gaji wata al'ada. In an gama kaka, kowane gari sai ya ware dammunan geron da zai shuka baɗi, ya ƙetare rafi da su, a zuba a rumbun ɗaya garin, a liƙe da laka. Kakanninsu sun lura cewa mai jin yunwa ba ya rasa hujjar cin irinsa, amma yana jin kunyar cin amanar wani. Ban ce kunya ta fi yunwa ƙarfi ba. Tana dai ɗan ɓata mata lokaci.

Wata shekara damina ta yi gardama, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Bazara ba ta yi nisa ba tukwane suka fara hutu. Sai labari ya iso Kaɗanya cewa an fasa rumbun da irinsu yake a Gawo. Gaskiya ne kuwa. Wani magidanci ne kukan 'ya'yansa ya ishe shi, ya huda lakar ya zari dami.

Mutanen Kaɗanya suka taru a gindin kuka, masu hankalin cikinsu suka yi nazari. In Gawo sun cinye namu, wauta ce mu tsare nasu. In ba su cinye ba tukuna, za su cinye, tunda sun san mun ji. Ta ko'ina aka bi, gara mu riga su. A ƙetaren rafi ma akwai masu hankali, nan kuma nasu nazarin ya tsaya. Da an bar wa masu hankali maganar, da ruwan fari ya sauka babu ƙwayar da za a jefa a ƙasa, garuruwan biyu su watse.

To, a Kaɗanya akwai 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Nomau, da Jatau, da ƙanwarsu Tasalla.

Nomau, babbansu, ya roƙi a dakata masa. Ya naɗe tabarma, ya ɗauki ɗan hatsin da ya rage a gidansa, ya ƙetare rafi ko sanda babu. Hatsin ya miƙa wa matar wanda ya zari damin, tabarmar ya shimfiɗa a gindin rumbu. Dagacin Gawo ya ce, "Nomau, gadi ka zo yi mana?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ni ina gadi. Jingina na kawo. In mutanena suka taɓa irinku, ga ni a hannunku."

Kaɗanya suka kasa fasa rumbu, don mutuminsu yana can. Gawo ma hankalinsu ya kwanta. Sai dai wasu a Gawo sun lura cewa ɓarawon farko har gida aka kai masa hatsi, suka ɗauki darasi, ba dai wanda Nomau ya yi niyya ba. Shi kuwa bawan Allah barcinsa da nauyi. Dami ya ci gaba da ɓacewa.

Sai Jatau, na biyu, ya jira ranar kasuwar da garuruwan ke haɗuwa, ya hau kan turmi ya ce, "Duk damin da ya fita daga namu, ɗaya zai fita daga naku, a daka a ci kuna kallo. Ba ƙari, ba ragi."

Wani ɗan Gawo ya ce, "Kai Jatau, yayanka ya fi ka kirki."

Ya ce, "Shi ya sa kuke cin sa."

Ya kuwa cika alkawari. Da mutanen garinsu suka so a riƙa cire biyu a madadin ɗaya, su ma ya taka musu burki, har ya yi baƙin jini a gida da waje. Gawo suka gane cewa duk wanda ya saci dami, gonarsu ya sata. Suka sa ido a kan junansu, sata ta tsaya cak.

Da nan ta ƙare, da ba mu da abin gardama. Amma aka sake duba rumbu aka ga dami ya ragu, Jatau ya rama. Gawo suka rantse ba mutum ba ne, gara ce ta ci. Wataƙila gaskiyarsu. Suka ce an zalunce su, suka rama. Jatau ya rama ramuwar. Kowa ya haƙiƙance shi ba ya tsokana, martani kawai yake yi, rumbuna biyu kuwa suna ta ramewa cikin adalci. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Tasalla bazawara ce mai sayar da daddawa, irinta ma bai fi a rungume ba. Ranar da ramuwa ta zagayo kan Kaɗanya, ta tsaya gaban dattawa ta ce, "Damin da Gawo suka cire jiya, nawa ne."

Jatau ya ce, "Ke, yaya aka yi kika sani? Duk a haɗe suke."

Ta ce, "A cire daga rabona. Nawa ne, na kuma yafe. To, Yaya, wa za ka rama wa?"

Jatau ya sauko daga tsanin rumbu. Gawo suka zauna jiran ramuwa, ba ta zo ba, suka rasa abin ramawa. Abin ya ɗan dame su, daga baya suka saba. Ruwa ya sauka, aka buɗe rumbuna, kowa ya shuka, tazara dai da faɗi. Gonar Tasalla rabinta ciyawa ta noma a shekarar, ba kuma wanda ya mayar mata da komai. Godiya kam ta sha.

Da kaka ta zagayo, dattawan garuruwan biyu suka yanke shawarar a ɗora mutum ɗaya a kan rumbunan, shi zai liƙe, shi zai buɗe, in dami ya ɓata maganarsa ce yanke. Kowa ya yarda daga gidan su Nomau za a ɗauko shi. A nan yarda ta ƙare.

Wasu suka ce Nomau, don ba don shi ba da tun ranar farko iri ya shiga tukunya. Aka ce haka ne, amma a gabansa aka yi ta sata. Wasu suka ce Jatau, don shi ya sa amana ta yi haƙori. Aka tuna musu cewa saura kaɗan haƙorin ya cinye amanar. Wasu suka ce Tasalla. Wani tsoho ya ce da yafiyarta ta riga hukuncin Jatau zuwa, da ɓarayi sun ɗauke ta gayyata, kuma ba kowace shekara ake samun mai gonar da za ta salwantar ba.

Yunwa dai za ta dawo, ba ta taɓa saɓa alkawari ba. To, ku da kuke zaune, in irinku ne a ƙetaren rafi, wa za ku damƙa wa rumbun a cikin ukun nan?