Mutumin da Ya Cike Kududdufin Unguwa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Wudil, ɗan wata tsohuwar unguwa ta masunta da maƙera. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa na nan da rai.

Gidajen unguwar na ƙasa ne, ƙanana, wannan ya jingina da wancan. Zaure a gaba, soro a ciki, rufin azara, indararo na zubo da ruwa cikin lungu. Duk ƙasar da kakanni suka yi tubali da ita, daga rami ɗaya suka haƙo ta a bayan unguwa, ramin ya zama kududdufi. Da damina ruwan kowane lungu can yake gangarawa ya kwanta. Kafin ruwa ya sauka kuma a ɗebo laka, a taru a yi yaɓe gida-gida. Ba wanda ya taɓa cewa nasa ne.

Mutumin nan ya samu buɗi a fataucin shanu, sai ya fara jin kunyar inda ya fito. In ya zo gaida mahaifiyarsa, Iya Mairo, tattare riga yake yi kada ta gogi bango. Da ya dubi kududdufin, bai ga komai ba sai fili yana zaune a banza. Ya bi ta inda ya bi, ya ce gadon kakansa ne, ya sa tifa ta fara juye ƙasa da baraguzai.

Dattawa suka je, ya sallame su. Mahaifiyarsa ta kira shi.

"Ɗan nan, to ruwan mutane ina zai je?"

"Iya, ruwa ai ba ya rasa hanya. Ke dai ki shirya, na ware miki ɗaki har da tayil a benen da zan gina."

Ta ce, "Ni da ɗakin babanka sai mutuwa."

Kada ku ɗauka ba ya son ta. Yana son ta ƙwarai. Maƙwabta ne ba ya gani.

Bene ya tashi a kan kududdufi. Ruwa kuwa bai rasa hanya ba: ya kwanta a lunguna yana cin gindin katangu. Zauren Malam Yahuza maƙeri ya fara zubewa, na Tasi'u masunci ya biyo baya. Mutane suka riƙa kwashe iyali, wasu suka koma Utai, wasu Kausani. Shi kuwa cewa yake, gidan ƙasa ai dama haka yake.

Wata rana bayan Azahar aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yana tsaye a tagar bene, a kan idonsa soron mahaifinsa ya durƙusa.

Ya fito ba takalmi, ruwa har gwiwa. Ya ji muryar mahaifiyarsa a ƙarƙashin ƙasa tana salati. Ya kama azarar da ta tokare hanya, irin wadda sai an taru ake ɗagawa. Ko motsi ba ta yi ba.

"Malam Yahuza! Tasi'u! Jama'a, ku taimake ni!"

Wa zai amsa? Lungun duk kangaye ne. Ya yi ta tono da hannu har faratansa suka fita. Kafin mutane su iso daga bakin titi, muryar ta yi shiru.

Benen ma bai daɗe ba ya tsage, don a kan ciko yake. Amma mutumin nan bai ko ɗaga kai ya dube shi ba.

Ya 'yan uwa, wa ya rushe ɗakin nan? Ruwa? Ruwa hanyar da aka bar masa ya bi. Haƙƙin maƙwabci ba gaisuwa kawai ba ne. Har inda ruwan rufinsa zai wuce yana ciki. Duk wanda ya watsa maƙwabtansa, ya sani hannayen da za su taya shi ɗaga azara ya watsa.

Allah ya kiyaye mu da cutar da na kusa da mu, ya jiƙan Iya Mairo, ya karɓi tuban ɗanta. Amin.