Gilashin da Aka Tsame da Wuri

Akwai wata ɗalibar digiri na uku da shekara ta zagayo mata tana fama da abu ɗaya a ɗakin gwaji. Takan shafa farin haɗi a kan ƙananan gilasai, ta gasa, ta jiƙa su cikin rinin da ta tatso daga furanni. Rinin ne ke kama hasken rana ya mai da shi lantarki. Nata kuwa ɗan kaɗan yake bayarwa, kuma Farfesan da ke duba aikinta ya ce in zangon karatu ya ƙare bai ƙaru ba, sai ta sake bincike daga farko.

A ganinta, iya daɗewar gilashi a rini, iya kyansa. Kwana da kwanaki take barin su.

Wata safiya ta tarar an tsame su an jera a kan tebur, launin ko kamawa bai gama yi ba. Abokin karatunta da suke kira Dogo yana goge ƙasa.

"Uban wa ya taɓa min kaya?"

"Ni ne, 'yar'uwa. Jiya bayan tafiyarki kwanon ya tsage, rinin yana zuba, sai na..."

"Rufe min baki! Tsawon banza, kai ba komai. Naka ya ƙi, shi ne za ka kashe nawa?"

Ta share gilasan da hannu suka tarwatse a ƙasa, ta wuce ofishin Farfesa ta ce hassada ce. Kafin azahar an karɓe makullin ɗakin daga hannun Dogo.

Gilashi ɗaya ya tsira a gefen tebur. Ta haɗa shi da na'urar auna lantarki a gaban Farfesa don ya ga ɓarnar da idonsa. Lambar da ta fito ta ninka duk wadda ta taɓa samu.

Farfesa ya gyara tabarau. "Ashe rinin ne ke yi miki yawa, yana hawa kan juna yana toshe hanya. Awa nawa wannan ya yi a ciki?"

Dogo kaɗai ya san lokacin da ya tsame su. Rinin da ya rage na jiƙo ɗaya ne, furen kuma lokacinsa ya wuce.

A bakin ƙofa ta cim ma Dogo, rungume da kwalin littattafansa.

"Don Allah, ƙarfe nawa ka tsame su?"

Ya dube ta, idonsa jajir.

"Da safe ina sane, shi na so in gaya miki kika ce in rufe baki. Tun daga nan ba abin da ke kaina sai zaginki. Wallahi na manta."

Ya gyara riƙon kwalinsa ya sauka matakala.

Darasi: In ranka ya ɓaci, bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka yanke masa hukunci, don wataƙila abin da kake nema yana cikin ragowar. Ku tura wa masu saurin hawa, amma ku fara karanta wa kanku.