Gwajin da Ya Cinye Tseren

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekara dabbobin dawa suka shirya tseren motoci na yini guda cur. Jaki ne da Raƙumi da Barewa za su tuƙa. Saura a san wanda zai tsaya a sahun gaba, sai 'yan kallo suka ce su za su yanke.

Biri sarkin surutu ya ce, "Kowa ya zagaya sau ɗaya, mai sauri ya yi gaba."

Aka zagaya, Barewa ta ci.

Kura, wadda Raƙumi ne gwaninta, ta daka tsalle. "Wallahi ban yarda ba! Tseren juriya ne. A zagaya sau goma."

Aka zagaya, Raƙumi ya ci.

Dila ya yi murmushi ya ce, "Ai rana ta doki wasu. A sake gobe da sanyin safiya."

Haka dai, kwana shida ana gwaji. Tayoyi suka suɗe, mai ya ƙare, gadon bayan Jaki ya ƙage.

Ranar tsere 'yan kallo suka cika hanya maƙil, amma babu motar da ta tashi.

Biri ya ce, "Malam Jaki, me kuke jira?"

Jaki ya miƙa masa makulli, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Mu mun gama namu tun jiya. Ku da kuka iya tsari, ku tura ta."

Direbobi suka kama hanyar gida a ƙasa, 'yan kallo kuma suka zauna gardamar wanda zai tura daga gaba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ni ma bakina ya gaji.