Lemon Tabita da Ya Koma Tsami

Akwai wata mace mai suna Tabita, wadda take da itacen lemo guda a tsakar gidanta. Mijinta ne ya dasa shi. Kowace shekara, idan an gama cire 'ya'yansa, kafin ruwan farko ya sauka, sai mijin ya ɗauko wuƙa da ɗan zarto ya zagaya itacen yana rage masa rassa. Tabita ba ta son wannan aiki. Takan tsaya a ƙofar madafa ta ce, "Me itacen nan ya yi maka?" Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya ci gaba. Lemon yana da zaƙi ƙwarai, har yaran unguwa sun san lokacin nunarsa fiye da masu gidan.

Da mijin ya rasu, Tabita ta hana kowa kusantar itacen da ƙarfe. Ta yi ta ba shi ruwa da taki. Ba a daɗe ba sai sababbin rassa suka tsiro daga can gindi, kusa da ƙasa, miƙaƙƙu, masu kauri da dogayen ƙayoyi. Suka yi tsawo har suka wuce katanga. Tabita takan shimfiɗa tabarma a inuwarsu, ta ce a ranta, "Ashe dama hutu yake nema."

Amma da 'ya'yan suka nuna, sai ga su manya, da kaurin ɓawo, da tsamin da ke kashe haƙori. Shekara ta zagayo, haka. Yara suka daina leƙen katanga. Wannan ne ya fi mata ciwo, domin ta ga kamar abu na ƙarshe da mijinta ya bar mata ya juya mata baya. Ta aika a kira Habila, ƙanen mijin, ya zo ya sare itacen ta huta da ganinsa.

Habila ya shigo da gatari a kafaɗa, ya tsinki lemo ɗaya ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Matar Yaya, wannan ai ko akuyarki sai an roƙe ta."

"Sara na kira ka ka yi, ba surutu ba," in ji Tabita.

Ya durƙusa domin ya ga inda zai sa gatari, sai ya tsaya. Ya share ƙasar gindin da hannu, ya kira ta. Ya nuna mata wani tsohon tabo da ya zagaye itacen, kamar tsawon taƙin hannu ɗaya daga ƙasa.

"Ina nan ranar da Yaya ya kawo shi. Itacen nan biyu ne aka haɗa. Gindin na lemo mai tsami ne, saboda yana jure fari. A nan aka ɗaura masa reshen mai zaƙi. Duk abin da ya fito ƙasa da tabon nan, tsami ne. Su ne Yaya yake cirewa kowace shekara kina yi masa faɗa."

Tabita ta dubi manyan rassan da take alfahari da su. Dukansu daga ƙasan tabon suka fito. A tsakiyarsu, cikin duhu, ga asalin itacen ya rame, saura reshe ɗaya mai ɗan ganye.

"Yana da rai," in ji Habila. "Amma in kina son sa, inuwarki za ta tafi."

Tabita ta sake duban reshen. Sa'an nan ta shiga ɗaki, ta fito da zarton mijinta, ta miƙa masa.

Habila ya ajiye gatari. Ya yanke manyan rassan ɗaya bayan ɗaya, dab da jikin itacen, a hankali domin kada ɓawon ya yage, yana karkata yankan yadda ruwan sama ba zai kwanta a kai ba. Ya cire busassun, ya bar mai rai. Da ya gama, tsakar gida ta yi fayau, itacen ya zama abin tausayi. Tabita ta juya baya tana share ido da gefen zane.

"Za su sake fitowa," ya ce mata. "Kada ki jira ni. Da kin ga ɗan toho a ƙasan tabon, ki murje shi da yatsa tun yana da taushi."

Haka ta riƙa yi. Wani lokaci tohon yakan yi kyau har hannunta ya yi nauyi, amma ta cire. Damina ta farko ba ta sami kome ba sai ganye. A shekara ta biyu itacen ya yi fure. Wata safiya tana shara, sai ta ji motsi, ta ɗaga kai ta ga ƙaramin hannu ya zuro ta kan katanga. Tabita ta jingina da tsintsiya ta yi dariya, ta ce, "Na gode, ya Ubangiji." Kwandon farko ta kai wa Habila, na biyu ta kai majami'a ranar godiyar kaka.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Mu ne itacen. Allah cikin alherinsa ya ɗaura mana sabon rai a cikin Almasihu, amma tsohon gindin yana nan, yana kuma toho. Abin da yake fitowa daga can yana saurin girma, yana kama da ƙarfi. Mace takan kira zafin bakinta gaskiya, namiji ya kira taurin kansa mutunci, mu zauna a inuwarsu muna jin daɗi. Waɗanda suke zaune tare da mu ne suke ɗanɗana tsamin.

Ubangiji bai zo da gatari ba, ko da yake mu kanmu wani lokaci mukan fid da zuciya ga kanmu. Yakan durƙusa ya nemi abin da yake da sauran rai, ya yanke abin da yake shaƙe shi. Sau da yawa ta hannun mutum yake yin haka: uwa, ko malami, ko aboki wanda ya faɗa mana abin da ba mu so ji ba. Waɗansunsu, kamar mijin Tabita, sun tafi ba mu ce musu mun gode ba. In naka yana da rai, ka je ka gode masa cikin makon nan. Ƙananan tohon kuwa, Allah ya bar mana su a hannunmu, kowace safiya.