Jan Layin Shugaban Makaranta

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, shugaban wata makarantar sakandare. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca. Ciwonsa ɗaya ne, son a yabe shi.

Duk shekara idan sakamakon babbar jarrabawa ya fito, makarantarsa ce a sama. Ɗari bisa ɗari! A ba shi allon yabo, ya rataye a ofis, yana goge shi da hannun riga.

To, ta yaya? Kafin rajista sai ya shirya jarrabawar gwaji. Ya jera sunaye bisa maki, ya ɗora rula, ya ja layi da jan biro. Duk wanda ya faɗo ƙasan layin ba a yi masa rajista, sai dai ya koma gida. Iyaye mata sun sha kuka a ofishin nan. Amsarsa ɗaya ce: "Ba ni na kore shi ba, layi ne."

Ana nan sai shekarar ɗansa ta zo, ɗansa tilo. Yaro mai ladabi, duk kujerar da ta karye a aji shi ke gyarawa, amma da ya ga takardar jarrabawa sai karatun ya ɓace masa. A gwajin, maki biyu kacal suka hana shi haye layin.

Mutumin ya daɗe riƙe da rular. Idan ya sauke ta kaɗan, ɗansa ya shiga, amma da shi da wasu raunana biyar, ɗari bisa ɗari ta tafi kenan.

Matarsa ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Bar shi ya rubuta, ko faɗuwa ce ya faɗi a hannunka."

Ya ce, "Mutane su ce me?" Ya ja layin.

Yaron ya ga sunansa ƙasan layi a allon sanarwa, yana tsakiyar abokansa. Bai yi kuka ba. Ya leƙa ofis ya ce, "Baba, na ga inda ka ajiye ni." Ranar ya bar gida, bai sake dawowa ba. Uwar ta yi ta zuba ido a ƙofa har Allah ya karɓi ranta.

Da mutumin ya yi ritaya, sabon shugaba zai yi fenti, sai ya tattara allunan a kwali ya aika masa gida. Ba a jima ba ɓarin jikinsa ya shanye. Wayyo! Alluna goma sha bakwai a ƙarƙashin gado, babu wanda zai miƙo masa ruwa. Da an taɓa ƙofa sai ya ce, "Shi ne?" Har ya rasu, ba shi ba ne.

Ya 'yan uwa, amanar yara aka ba shi, ya sayar da ita don a tafa masa. 'Ya'yan mutane nawa ya ja wa layi bai ji zafi ba, sai da biron ya hau kan nasa? Mu fa, wa muke turawa ƙasan layi don a ce mun iya?

Allah ya kiyaye mu daga riya da cin amana, kada ya bar mu a ƙasan layi ranar da babu sake jarrabawa. Amin.