Ɓarawon Hatsin Sarki

An ce wani sarki ne kwale-kwale ya taɓa kifewa da dardumarsa, sai ya hana ɗaukar kaya ta kogi a duk ƙasarsa. Kome nauyin kaya, sai dai takarkari, wato sa mai ɗaukar kaya, ko jaki.

Wata shekara fari ya faɗa wa lardin gabas, sarki ya aika da buhun gero ɗari, tafiyar kwana arba'in. Buhu arba'in ne kawai suka isa. Aka kama Madugu Tanimu, jagoran ayarin. Sarki ya ce wa wazirinsa Ishaƙa, "Kwana uku na ba ka. Ko ka kawo mini ɓarawon, ko a yanke hannun madugu."

Waziri ya rasa ta inda zai kama. Ya san Tanimu mutum ne mai amana. Kuma ayari na biyu da aka tura bayan nasa, wanda ya haɗa da dogarai hamsin, shi ya fi yin asara. Yaya ƙarin masu gadi zai ƙara sata?

Rana ta uku ƙafa ta kai shi bakin kogi. Ya tarar da wani tsoho, Nomau, yana liƙe kwale-kwalen da ya shekara bakwai a kife.

"Baba, gyaran me kake yi wa abin da aka hana?"

"Ranka ya daɗe, ni aka hana. Kogi bai ji shela ba, yana nan yana tafiya gabas, ba kaya."

Waziri ya kwashe damuwarsa ya faɗa masa. Tsoho ya yi dariya, ya ce a kai shi fada.

Da suka isa, tsoho ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, na san ɓarayin. Ƙafa huɗu gare su, kuma kai ka ɗauke su aiki."

Waziri ya sunkuyar da kai, yana zaton mahaukaci ya kawo.

Tsoho ya ci gaba, "Ya sarki, a shekarar fari, wace ciyawa takarkari zai samu a hanya?"

"Babu."

"To me zai ci?"

Tsoho ya ba da amsar da kansa.

"Abin da ke bayansa zai ci. Mai kora ya ci, dogari ya ci, a kuma ajiye na komowa. Kogi kuwa kwana goma zai kai, bai taɓa neman ko tsaba ba."

Sarki ya ce, "To daga yau kome ta kogi!"

Tsoho ya dafe kai. "Ya sarki, haka ka yi wancan karon. Kogi ba ya hawa tudu. Bar masa nauyi da nisa, jaki ya karɓa daga gaɓa zuwa ƙauye."

Sarki ya sa aka kwance madugu, ya riƙe hannun nan da ya so yankewa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Waziri, ka kawo ɓarawon, ga shi a kan karaga. Kafin mai mulki ya hukunta wanda ya ɗauki kaya, ya fara tambayar wanda ya zaɓi hanya."