Ƙofar Garin Awaki

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Kura da Damisa sun shekara bakwai suna gaba, har Damisa ta taɓa gartsa wa Kura cizo a ƙugu. Da yunwa ta matsa musu, sai suka ƙulla amana za su ci garin awaki da yaƙi, su raba ganima.

Suka iso bakin ganuwa. Bunsuru, sarkin ƙofa, ya leƙo yana shafa gemu.

Damisa ta daka tsawa: "Kai mai wari, buɗe, ko mu rushe katangar nan!"

Bunsuru ya ce, "Rushewa kuma? Don ku?" Ya wangale ƙofar. "Sai dai ƙofarmu ba ta cin biyu. Wadda ta isa ta fara shigowa, ta ba 'yar'uwarta baya."

Kura ta shafa tabon ƙugunta. "Yaya Damisa, bismillah, ke ce babba."

Damisa ta dubi haƙoran Kura. "A'a ƙanwata, wuce, na yafe miki."

"Ni in shiga gabanki? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Bunsuru ya kwanta a tsakiyar ƙofa yana tuƙa. "Ku hanzarta mana, jarumai, kiwo za ni!"

Kwana uku suna wannan ladabi, ciki na kuka. Ran na huɗu suka janye da baya-baya, kowacce idonta a kan ƙawarta. Awaki ba su sake rufe ƙofar ba har yau.

Ƙurunƙus kan kusu! Mai musu ya je ya tambayi Bunsuru.